Yadda za ka sa na'ura ta rera maka waƙar Rasha irin ta zamanin kaset

Tambayar da aka aiko: "Mahaifina ya yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyat a ƙarshen shekarun 1980. Ya dawo da kaset-kaset na waƙoƙin Rasha da muka tashi muna ji a motarsa, yanzu duk sun lalace. Bana zai yi ritaya, ina so in haɗa masa sabuwar waƙa mai irin wannan ɗanɗano da Suno, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa waƙa daga rubutu. Amma duk yadda na rubuta mata cewa tsohuwar waƙar Rasha nake so, abin da take ba ni bai yi kama da wanda na sani ba. Ina kuskuren yake?"

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na yi shekaru a Rasha ina karatu, kuma haɗa sauti ne sana'ata, shi ya sa tun ban gama karanta saƙonka ba na ji sautin da kake nema a kunnena. Na kuma san abin da manhajar ke miƙo maka. Ko dai waƙar gidan rawa ta Mosko ta yau, mai bes da ke dukan ƙirji da muryar da aka goge da Auto-Tune, manhajar gyaran murya, ko kuma wani ƙato mai kaushin murya da balalaika, wato kayan kiɗan gargajiyar Rasha mai tsirkiya, a bayansa, irin wadda ake sa wa 'yan yawon buɗe ido.

An horar da waɗannan manhajoji ne su fitar da sauti cikakke, mai sheƙi, wanda babu ƙura a jikinsa. Waƙoƙin da Baba ya kwaso kuwa rashi ne ya haife su. Fiyano ɗaya ko biyu, na'urar ganga mai araha, ɗakin da bai kai a kira shi situdiyo ba, sannan kaset da aka kwafa daga wani kaset, shi ma kwafe ne. Abin da kunnen Baba ke kewa yana cikin wannan rashin. Idan ka ce wa na'ura "tsohuwa" ka yi shiru, ba ta san me za ta rage ba, sai ta ba ka sabuwa ta yafa mata tsohon mayafi. Kai ne za ka zayyana mata ɗakin: me ke ciki, me babu, wa ke riƙe da makirufo, shekararsa nawa.

Ka fara tsayar da shekara, domin "tsohuwar waƙar Rasha" aƙalla gida uku ce. Akwai wadda suke kira estrada, ta shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da kamfanin gwamnati Melodiya, wanda aka kafa a 1964, shi kaɗai ke buga faifai a ƙasar. Wannan cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ce, da goge da ƙaho, da mawaƙa masu horo irin su Alla Pugacheva. Akwai ta bayan rushewar Tarayyar a 1991, kiɗan rawa mai gudu irin na Ruki Vverh da suka fitar da kundinsu na farko a 1997. Sai ta tsakiya, daga wajen 1986 zuwa 1991, diskon kaset. Shekarun da ka faɗa sun nuna wannan ta tsakiyar ce ta cika ɗakunan kwanan ɗalibai a zamanin Baba, kuma a kanta zan tsaya. Duk da haka ka bugi cikinsa a fakaice, ka ji ko muryar mace yake tunawa ko ta yaro, domin nan ne hanya ta rabu biyu.

Muryar yaron ta ƙungiyar Laskovyi Mai ce. An kafa ta a watan Disamba 1986 a wata makarantar kwana ta marayu da ke Orenburg, inda Sergei Kuznetsov, mai kula da sashen kiɗa na makarantar, ya gano wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Yuri Shatunov. Kundinsu na farko na 1988 bai bi ta hannun Melodiya ba. Shagunan kwafar kaset ne suka yaɗa shi, kafin shekara ta ƙare ya game ƙasar. Ka saurari muryar da kyau idan ka samu: siririya ce, tana ɗan fita ta hanci, babu horo a cikinta, ba ya karkaɗa ta a ƙarshen layi, yana ajiye kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ba da labarin abin da ya same shi jiya. Masu sukar kiɗa na wancan lokaci sun raina ta ƙwarai, 'yan mata kuwa suna kuka a filayen wasa. Muryar macen kuma ta Mirazh ce, ƙungiyar da Andrei Lityagin ya haɗa a Mosko. Wadda ta rera da yawa daga cikin waƙoƙinsu na farko a situdiyo, Margarita Sukhankina, ɗalibar waƙar opera ce, daga baya ma ta zama mawaƙiya a Bolshoi, babban gidan opera na Mosko. Saboda haka a Mirazh murya mai ƙarfi za ka ji, tana hawa sama ba gargada, kiɗan ya fi gudu, ga jita mai lantarki tana ratsawa a tsakiya.

Akwai wani abu game da su duka biyun da zai hana ka wani kuskure. A lokacin da suke tashe, an riƙa tura tawagogi da yawa da suna ɗaya zuwa garuruwa daban-daban a dare guda, suna motsa baki ana kunna kaset. Rashawa na kiran wannan fanera, wato falankin katako. Ma'ana ko wanda ya je kallon wasa, sautin kaset ya ji. Don haka kada ka roƙi na'ura ta ba ka amon dandali da tafin jama'a, ba shi ne ke cikin kan mutane ba.

To daga ina sautin ya samo asali? Ƙafafunsa daga Yammacin Turai suke. Modern Talking da C.C. Catch na Jamus ta Yamma, da diskon Italiya, sun shiga jinin matasan Sobiyat a wancan lokaci. Kiɗan Indiya ma ya samu gindin zama, fim ɗin Disco Dancer na 1982 ya yi kasuwa a can kamar yadda finafinan Indiya suka yi a sinimomin Kano. Amma karin waƙar, wato hawa da saukar muryar, na gida ne. Ya fito daga waƙoƙin da samari ke rerawa da jita a tsakar gidajen bene da dare, kuma kusan dukansu a tsanin sauti na alhini suke, wanda makaɗa ke kira maino. Ƙafa na rawa, zuciya na kuka. In ka ba na'ura ƙafar kaɗai, diskon Italiya za ta yi maka da kalmomin Rashanci. In ka ba ta zuciyar kaɗai, sai ta yi maka waƙar makoki a hankali.

Kai da ka ji waƙoƙin nanaye na farkon shekarun 2000 ba baƙo ba ne a nan. Fiyanon Yamaha PSR guda ɗaya a situdiyon Kano ita ce sarewa, ita ce ganga, ita ce goge. Da wani zai sake buga waɗannan waƙoƙin yau da sarewar gaske da kayan miliyoyi, za su yi kyau, amma wanda ya yi samartaka da su zai ce ba su ba ne. Haka Baba zai ce in ka ba shi mai sheƙi.

Yanzu ga rubutun umarnin. Ka buɗe tsarin da ke ba ka akwatin salo daban, akwatin kalmomin waƙa daban. A gwaje-gwajena akwatin salo ya fi jin Turanci, kuma ya fi ba kalmomin farko nauyi, saboda haka zamani da wuri nake sawa a gaba, ingancin ɗauka a ƙarshe. Ga irin layin da nake farawa da shi idan muryar yaro nake nema:

late 1980s Soviet synth-pop, Italo disco beat, 120 BPM, minor key, cheap drum machine, octave synth bass, thin bell-like lead synth, young untrained male vocal, cassette recording

Kowane yanki da aikinsa. Bugu 120 a minti shi ne tsakiyar gudun wannan kiɗa. In ka koma ɓangaren Mirazh ka ɗaga zuwa 125 ko 130, ka canza muryar zuwa ta mace mai ƙarfi da horo, ka ƙara jita mai lantarki. Ganga ta na'ura ce mai araha, bugu huɗu a jere ba canji, da tafi na roba a kan na biyu da na huɗu. Bes ɗin tsalle yake tsakanin ƙasa da saman sauti ɗaya, dum-dam dum-dam, kuma in wannan tsallen ya ɓace, zamanin ya ɓace. Sautin ƙararrawa kuma na zuriyar fiyanon lantarki Yamaha DX7 ne, wadda ta fito a 1983 ta cika waƙoƙin duniya da wannan ƙyalƙyalin gilashi. Ambaton sunan kayan kiɗa ya fi tara siffofi amfani nesa ba kusa ba. Sai dai ka kula da shekara: sautin fiyanon Korg M1, duk da a 1988 ta fito, kunne ya fi danganta shi da kiɗan rawa na shekarun 1990, yana iya ja maka waƙar gaba da zamanin Baba.

Akwai kalmomin da suke kamar za su taimaka amma ɓata hanya suke. Kalmar retro da synthwave suna kai ka Amurka, motoci da fitilun dare, sauti mai faɗi da kauri wanda ba a taɓa yin irinsa a Orenburg ba. Kalmar lo-fi kan jawo kiɗan karatu mai sanyi na YouTube. Maimaita kalmar kewa sau uku ba ya ƙara komai. Kuma kada ka rubuta "ban da balalaika" a akwatin salo, domin sau da yawa na'urar sunan kayan take gani ta kawo shi. Akwai akwati na musamman na abubuwan da ba ka so, can za ka zuba balalaika, da akodiyon, da taron mawaƙa, da Auto-Tune, da gangar tirap ta kiɗan rap na zamani, da kuma shanson, wato waƙar nan ta maza masu kaushin murya wadda na'urar ke son zamewa cikinta da zarar ta ga Rashanci da maino a wuri ɗaya.

Sunan mawaƙi kuwa Suno ba ta karɓa, za ta ƙi umarnin. Ko da za ta karɓa ban ba ka shawara ba. Shatunov ya rasu a watan Yuni 2022, Kuznetsov ya bi shi a watan Nuwamba na shekarar, kuma sa muryar mamaci ta faɗi abin da bai faɗa ba bai kwanta mini a rai ba. Ga kuma batun haƙƙi: a watan Yuni 2024 manyan kamfanonin faifai, Universal da Sony da Warner, sun kai Suno da takwararta Udio kotu kan waƙoƙin da aka horar da su da su. Kai zamani kake nema, kuma ana samunsa ba tare da an ɗauki muryar kowa ba.

Tsarin waƙar ma na zamanin ne. Rashawa na kiran baiti kuplet, amshi pripev, sai kuma proigrysh, wato ɗan karin da fiyano ke bugawa ita kaɗai ba murya. Wannan na ƙarshen shi ne tambarin waƙoƙin nan. Da shi ake buɗewa, yana ɗaukar lokaci kafin murya ta shigo, yana dawowa bayan kowane amshi, kuma shi mutum ke fito da shi da baki bayan shekara talatin ko ya manta kalmomin. Manhajojin yau suna gaggawar shigo da murya cikin daƙiƙa biyar. Ka yi amfani da alamomin tsari a akwatin kalmomi ka nemi doguwar buɗewa ta kiɗa zalla, ka sake neman ta bayan kowane amshi. Baiti biyu ko uku, amshi a maimaita shi ba canji, na ƙarshe a ɗaga shi mataki ɗaya, sannan sauti ya dusashe a hankali maimakon a datse shi.

Sai kalmomin waƙar, kuma nan ne na fi so ka ɓata lokaci, domin Baba ya ji Rashanci, kuskure ɗaya a nan zai fitar da shi daga cikin waƙar ko kiɗan ya yi daidai. Rashanci harshe ne da nauyin murya ke faɗawa kan gaɓa ɗaya a kowace kalma, kuma ba a nuna wannan a rubutun yau da kullum. Kalmar мука, in nauyin ya faɗa a gaɓar farko, azaba ce. In ya faɗa a ta biyu, garin tuwo ne. Ka tuna yadda "gari" na zama da "gari" na tuwo suke rubutu ɗaya a Hausa, baki ne ke raba su. Haka замок, fada ce ta sarakuna ko kwaɗon ƙofa, ya danganta da inda aka danna. Na'urar tana kuskure a nan sosai, musamman idan karin ya tilasta mata. Maganin da na ga yana aiki shi ne ka sa alamar nauyi a kan wasalin, ko ka rubuta wasalin da babban baƙi a tsakiyar kalmar, a duk inda ta yi kuskure a gwajin farko. Ka kuma sa wa harafin ё ɗigoginsa biyu ko da yaushe. Rashawa kan bar su a rubutu domin sun san kalmar, na'ura kuwa sai ta karanta все, wato kowa, a inda kake nufin всё, wato komai. Lambobi ka rubuta su da kalmomi. Ka rubuta duka da haruffan Rashanci, kada ka mayar da su na boko, in ba haka ba lafazin baƙo za ka samu.

Wani tarko kuma da ba mu da irinsa a Hausa. Mu "na jira" muke cewa, mace ko namiji. A Rashanci aikatau na abin da ya wuce yana nuna jinsin mai magana: namiji ya ce ждал, mace ta ce ждала. Manhajar fassara kan zaɓi ɗaya da ka, sai ka ji yaro yana waƙa da bakin mace. Shi ya sa ban yarda ka rubuta da Hausa ko Turanci ka fassara ka liƙa ba. Fassara tana kashe awo ma. Waƙar Rasha a kan awon nauyi take tafiya, layuka masu adadin gaɓoɓi daidai, amsa-amo na layi na ɗaya da na uku, na biyu da na huɗu. In layi ɗaya ya fi ɗan'uwansa da gaɓa uku, na'urar za ta tattara su ta haɗiye, ko ta ja wasali inda ba a ja. Ka iya neman wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta tsara maka daftari da Rashanci kai tsaye, ka faɗa mata adadin gaɓoɓin da kake so a layi, amma dole wani mai jin harshen ya karanta maka da babbar murya kafin ka saka. Abokan karatun Baba suna nan, kuma ɗaya daga cikinsu zai iya riƙe maka sirri.

Abin da za a faɗa a ciki kuwa, ka sauƙaƙa. Waƙoƙin nan ba su da zurfin kalma, hotuna ne 'yan kaɗan da ake juyawa: dusar ƙanƙara a kan taga, furen da sanyi ya kama, tashar jirgin ƙasa, wasiƙar da ba a amsa ba, wayar tarho da ke ƙara ba a ɗauka, daren ƙarshe kafin rabuwa. Taka ta fi sauƙi ma, domin kana da labarin gaske. Saurayi daga ƙasar rana ya sauka a garin da numfashi ke zama hayaƙi, yana jiran wasiƙar gida wata guda, shekaru suka wuce, ya hau jirgi ya bar abokai a bakin tasha. In ka san sunan garin da ya zauna, ka sa shi a amshi. Kada ka cika yabo da addu'a a ciki irin na waƙar biki, wannan ka yi masa da bakinka a wurin taron. Waƙar ta tsaya a kan taga da dusar ƙanƙara.

In kana taɓa fiyano ko da kaɗan, ga hanyar da ta fi duk rubutu ƙarfi. Na'urar ba ta cika bin jerin kod, wato sautukan da ake danna wa fiyano a tare, da aka rubuta mata ba, amma tana bin abin da ta ji. Ka buga zagayen da waƙoƙin nan suka fi hawa, Am, Dm, G, C, sannan F, Dm, E, ka dawo Am. Wannan E ɗin kafin komawa gida shi ne ke matse zuciya, shi ne ɗanɗanon Rasha a cikin lissafin. Ka ɗora naka karin a kai, ko da da baki ne, ka ɗauka na rabin minti, ka loda mata ka ce ta gina a kansa da salon da ka rubuta. Karin ya zama naka ne, kada ka loda waƙar wani.

Kowane umarni waƙa biyu yake fitarwa, kuma kada ka sa ran ta farko. Ni nakan yi goma zuwa ashirin kafin in tsaya, ina canza abu ɗaya tak a kowane zagaye domin in san me ya gyara, me ya ɓata. Ka riƙa saurare a ƙaramar sifika ko a mota, domin belun kunne masu tsada suna sa ka zaɓi wadda ta fi sheƙi, alhali ba ita kake nema ba.  In za ka ɗora ta inda ake samun kuɗi, sai da tsarin biya.

Ko ka dace da wadda ta yi, za ka tarar har yanzu ta fi ƙarfin zamaninta tsabta, kuma wannan ba umarni ke gyara shi ba, hannu ne. Ka buɗe ta a Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ce. Ka rage sautukan sama daga wajen kilohaz 12, ka rage ƙasan bes ɗin da ke girgiza ƙasa, ka matso da faɗin dama da hagu zuwa tsakiya, ka sa ɗan shuu na kaset a ƙarƙashi, kaɗan ƙwarai, wanda sai an yi shiru ake ji. Kaset ɗin da aka fi samu a can shi ne MK-60, minti 30 kowane gefe, na masana'antar Svema da Tasma, kuma an san shi da wannan shuu ɗin da ɗan rawar sauti idan zaren ya ja. Akwai ƙananan manhajoji masu kwaikwayon wannan rawar, amma babu wadda ta kai ainihin abin. In za ka samu rediyo mai cin kaset da ke aiki wurin masu gyara, ka ɗauki waƙar a kan kaset na gaske, ka dawo da ita kwamfuta don a kunna a wurin taro. Kaset ɗin kuma kada ka yar. Ka rubuta sunan waƙar da biro a jikin takardarsa, da haruffan Rashanci, da sunan garin da shekarar da Baba ya sauka a can, ka sa a kwalinsa ka miƙa masa a hannu.